Kawu, Matsa Baya

Oslo, 8 ga Yuni, 2006

Zuwa ga 'yata Idil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, sanyin Tromso bai gama cinye ki ba. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ce dai take min tsiya in na daɗe a kan sitiyarin bas. Matata, innarki Ambaro, kuwa likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta hana duk gidan.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Kakarki da mahaifina 'yan wa da ƙani ne, amma in ba wajen ta'aziyya ba, ba ma haɗuwa. Maganar Sagal ce ta sa na ɗauki biro, tunda ke jami'a ta ba kula da aikin taswirarta ta duwatsu a tsibirin Soroya.

Yarinyar nan ni na gano ta. Tana da shekara goma sha ɗaya uwarta ta kawo ta ɗakin karatu na Toyen, inda nake taya yaran Somaliyawa aikin gida ran Asabar. Na kwashe su zuwa bakin teku a Huk. Sauran suka yi ta jifan ruwa, ita kuwa ta tsugunna ta ce, "Kawu, wa ya zana ƙwaro a cikin dutse?" Shekara goma ke nan ina amsa mata tambayoyi. Kin dai san na yi shekara uku da wata huɗu ina karatun duwatsu a Mogadishu kafin yaƙi ya cinye makarantar da takarduna. Ba a kirana Dakta, amma na san dutse.

Ga abin da ba ki sani ba. Uwarta Nasteho aikin jinya take so ta karanta. Ta ce da ni, "Diriye, dutse zai ba ta aiki? A ajinsu ma ita kaɗai ce baƙa, ita kaɗai mai ɗankwali." Da ƙyar muka daidaita: in taswirar bana ta ci, ta bar ta ta ci gaba. In ta faɗi, a watan Satumba ta koma makarantar jinya, babu gardama. Ni na tsaya mata, na ba da bakina.

Saboda haka aro na ba ki, ba kyauta ba. Tun hunturu ba ta da magana sai "Dakta Idil ta ce." Ban damu ba, na dai lura.

Ga halawa nan Ambaro ta dafa, ku raba.

Kawunki,
Diriye


Soroya, 19 ga Yuni

Kawu Diriye,

Na sami wasiƙarka, na gode. Ina lafiya, sai sauro da ya mai da mu abincinsa. Allah Ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ka ce wa Inna halawa ba ta kwana biyu ba.

Muna zaune a wata bukkar masunta, ni da Sagal da abokiyar tafiyarta Torunn. Babu waya, sai jirgin ruwan wasiƙu sau biyu a mako. Ranar da muka sauka, Oddvar mai jirgin ya dubi Sagal da ɗankwalinta da gudumarta ya ce, "Ke kuma me kika zo nema a nan?" Ta ce, "Abin da kake takawa shekara sittin ba ka san sunansa ba." Ya yi dariya har da tari. Yanzu kullum sai ya kawo mata kifi da wani dutse a aljihu, wai ta faɗa masa sunansa.

Yarinyar tana da ido, wannan aikinka ne, ban musa ba. Tana lasar dutse ta gane ƙwayarsa kafin Torunn ta ciro gilashin ƙara girma. Sai dai wasu abubuwan da ta zo da su tsohon yayi ne, sunayen Italiyanci na karatunku na Mogadishu da ba wanda ya sani a nan, sai da na sake mata su. Na ba ta kamfas ɗina na ɗalibta, mai allurar nuna arewa, da littafin rubutu wanda ruwa ba ya ɓatawa. Aikin kwana sittin ne: duk inda dutse ya bayyana, ta ɗora kamfas ta auna inda shimfiɗarsa ta dosa da yadda ta karkata, ta rubuta. Daga waɗannan lambobin taswira ke fitowa.

Ka ce ba ta da magana sai tawa. To, a nan kuma ba ta da magana sai taka. In na nuna mata abu sai ta ce, "Kawu ba haka yake yi ba." Jiya sau bakwai, na ƙirga. Ni lokacin da nake ɗaliba ba ni da wani Kawu da zan ambata. Kana nan Oslo, ka san ina karatun nan, ko kati ba ka taɓa aiko min ba. Ba ƙorafi nake ba.

Idil


Oslo, 25 ga Yuni

Dakta Idil,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda kika bar ta.

Tsohon yayi! Na karanta kalmar nan a tashar ƙarshe ta bas, na sake karanta ta a gida, na karanta wa Ambaro. Ta ce sunayen kawai kike nufi. Na ce a'a, na san abin da ake nufi. Dutsen da kike aunawa ya fi shekara miliyan ɗari biyar, ban san yaushe ya fara bin yayi ba.

Sagal ta aiko min kati guda, layi uku. Layi na farko gaisuwa, na biyu Dakta ta ba ni kamfas ɗinta, na uku Dakta ta iya hawan dutse kamar akuya. Na manna shi a jikin firij duk da haka.

Tunda kamfas naki ne, littafi naki ne, na ga ya kamata yarinya ta riƙe wani abu na gida a hannunta. Na aika mata ƙunshi dabam. Jakar fata ce ta sa littafi, mai tauri, na sa an buga sunanta a jiki a wani shago a unguwar Gronland nan Oslo. Na kuma tuna mata dabarar da malaminmu ya koya mana a tsaunukan Borama can gida: in fuskar dutse ba ta kwanta sumul ba, ka shimfiɗa bangon littafinka a kai, ka jingina kamfas da shi, awo zai fito daidai. Na ce mata ta riƙa yin haka da jakar a kowane awo. Wannan ma in tsohon yayi ne sai ki faɗa.

Roƙona ɗaya, kada ki hana ta amfani da ita.

Maganar kati da kika yi, ban san kina buƙata ba. Mu muna ganin kin riga kin haye.

Diriye


Soroya, 1 ga Yuli

Kawu,

Lafiya lau muke. Ƙunshi ya iso. Ta rungume jakar tana tsalle, har Torunn ta zaci saurayi ne ya aiko. Dabararka mu ma muna yin ta, ba a Borama kaɗai aka san ta ba. Ban hana ta ba. Ko taɓa jakar ban yi ba, kuma ba zan taɓa ba, kada a ce na yi mata wani abu.

Gobe zan tafi duba wasu ɗalibai huɗu a Alta, zan yi mako uku. Ita da jakarka za su ji da aikin.

Idil


Oslo, 18 ga Yuli

Idil,

Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Kwana goma sha bakwai babu ke babu Sagal. Mai kawo wasiƙa ya fara kauce min a matakala.

Jiya na haɗu da Nasteho a kantin nama. Ta ce, "Ina labarin 'yarka mai duwatsu?" Na ce komai lafiya, alhali ban san komai ba. Ta ce ta riga ta karɓo takardar makarantar jinya ta ajiye a kan talabijin, wai don ko da.

In kin hana yarinyar rubuto min ne don kada tsohon yayi ya shiga kanta, ki faɗa min kai tsaye. Na iya jure magana.

Diriye


Soroya, 24 ga Yuli

Kawu Diriye,

Ina gaisuwa, ina fata kai da Inna kuna lafiya. Ban hana kowa rubutu ba, ba na nan. Sagal kuwa ba ta rubuto ba ne don tsoro.

Akwai matsala babba. Na dawo shekaranjiya na tarar da ita ta rame, ta baza takardu a kan tebur. Awon da ta yi a watan Yuni yana tafiya daidai, layuka suna bin juna. Daga farkon Yuli komai ya rikice. Dutse ɗaya, a gefen rafi yana kallon arewa, taku hamsin gaba ya juya gabas. Wani wurin kuskuren digiri goma ne, wani wurin talatin, ba shi da tsari balle a gyara shi da lissafi. Awo ɗari huɗu da goma sha biyu ke nan. Ta yi kwanaki tana ƙoƙarin ƙirƙiro wani lanƙwason dutse da zai bayyana su, babu.

Na ce, "Me ya sa ba ki aiko min saƙo ta hannun Oddvar ba?" Ta ce, "Dakta, na zaci ni ce ban iya ba. A aji kowa jira yake ya ga ban iya ba." Na san wannan tsoron, na kwana da shi shekara biyar.

Na fara zargin duwatsun, don akwai masu jan allurar kamfas a tsibirin nan, amma ba a yankinta suke ba. Na gwada kamfas ɗin a hannuna, lafiyarsa ƙalau. Ranar 18 ga Agusta za a miƙa taswira, ba a ƙara kwana ko ɗaya.

Kawu, ka faɗa min dalla-dalla, me da me ka koya mata game da awo? Ina so in bi abin daga tushe.

Idil


Oslo, 28 ga Yuli

Dakta,

Na gaishe ki a taƙaice.

Ashe nan aka dosa. Kin bar yarinya mako uku a kan tsibiri da tsohon kamfas ɗinki, abu ya lalace, sai a waiwayo direban bas a tambaye shi me ya koya mata. Na koya mata gaskiya da haƙuri da kallon dutse. Shekara goma tana hannuna ba ta taɓa kuka saboda dutse ba. Ke wata biyu kacal.

In ta faɗi, ke za ki koma ofishinki mai ɗumi. Ni zan tsaya gaban Nasteho.

Diriye


Oslo, 29 ga Yuli

'Yata Idil,

Ki yaga wasiƙar jiya. Da ina da iko da na bi ta har akwatin gidan waya na ciro.

Akwai abin da ban faɗa miki ba don kunya. Jakar nan biyu na saya, ɗaya tata, ɗaya tawa, iri ɗaya. Ina so ne in ta buɗe tata a can, ni ma ina da tawa a nan. Ba ni da abin sawa a ciki sai jadawalin aiki.

Yau da safe Ambaro tana ɗaura mayafi a gaban tebur, ta zube allurorinta kusa da jakar. Sai na ji ta ce, "Kai Diriye, wannan jakar taka mayya ce? Ta kwashe min allurai." Na duba. Allurai huɗu sun manne a murfin, daidai inda yake rufe kansa. Maganaɗisu ne aka ɗinke a cikin fatar, ba a ganinsa. Ni kuwa a shago abin da ya burge ni ke nan, wai tana rufe kanta ba maɓalli.

Na ciro tsohon kamfas ɗina daga akwati, na jingina shi da jakar yadda na ce Sagal ta riƙa yi. Allurar ta bar arewa ta bi murfin kamar ɗan akuya ya ga uwarsa. Na zauna a ƙasa. Ambaro ta ce, "Innalillahi. Allah Ya sa ba a kanta take duba alƙibla ba."

Idil, a makon farko na karatu aka koya mana cewa a nisanta ƙarfe da kamfas. Ni da na koya wa yarinyar ta ajiye guduma nesa kafin awo, ni na sa mata maganaɗisu a hannu na ce ta jingina kamfas da shi kowane awo. Ba don dutse bai kwanta ba na ce kowane awo. Don ta riƙa taɓa abina ne sau ashirin a rana, ta tuna da ni tana riƙe da kamfas ɗinki. Kishi ne, ba shi da wani suna.

Ki karɓe jakar ki jefa a teku. Ki faɗa mata ni ne. Ba ita ce ba ta iya ba.

Kawunki


Soroya, 2 ga Agusta

Kawu Diriye,

Wasiƙunka biyu jirgi ɗaya suka shigo. Na karanta ta farko na kusa jefa ta biyun a murhu. Allah Ya taimake ka Torunn tana soya kifi a kai.

Kada ka ɗauke laifin kai kaɗai, nawa rabon yana nan. Ranar da ƙunshin ya iso, ina zaune na ji murfin ya rufe kansa ƙyas. Wani abu ya ɗarsu a raina. Da jakar wani ɗalibi ce, da na karɓa na gwada a minti ɗaya, aikina ke nan. Amma taka ce, na ga yadda ta rungume ta, ban taɓa ganin ta rungumi kamfas ɗina haka ba. Sai na kau da kai na ce ba ruwana. Ko da na dawo ina neman dalili, na gwada kamfas, na gwada duwatsu, jakar tana kan tebur ban kalle ta ba.

Na faɗa wa Sagal. Ta ɗauki jakar ta fita. Na zaci teku za ta. Ashe wuƙar kifin Oddvar ta aro, ta farke ɗinkin, ta ciro maganaɗisun, ta manna shi a ƙofar murhu. Ta dawo ta mai da littafinta cikin jakar. Ta ce, "To ashe na iya." Sai kuma ta fashe da kuka. Da ta share ido ta ce, "Ku biyun nan kun gajiyar da ni. Kowa na ja, ni ce igiyar."

Ga halin da ake ciki. Dole a sake awon nan duka, kwana goma sha huɗu suka rage mata a fili. In tana awo tana rubutu ba za ta gama ba. In wani yana rubuta mata, tana iya yiwuwa. Doka ta yarda da mai rubutu, amma awo da hannunta za ta yi, ba a kuma sa mata baki. Ni ba zan iya ba, ina cikin masu duba aikin, kuma jibi zan koma Tromso. Torunn tana da tata taswirar.

Na ce zan nemo ɗalibi. Ta ce, "A'a. Ki tambayi Kawu. Shi ya ɓata, shi zai rubuta. Kuma ki ce masa rubutu kawai."

Tuddan tsibirin nan suna da tsayi, gwiwarka kuma ka san ta. Ka yi shawara da Inna.

Idil


Soroya, 16 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Idil, a Tromso,

Gaisuwa daga bukkarki. Ina fata kin isa lafiya. Gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya, Oddvar yana shafa min wani man da yake wari kamar jirginsa. Ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba tun barina Mogadishu.

Kafin in taso na je wurin Nasteho na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe ta ce, "Wato kai da Daktar kuna rigima a kan 'yar da ni na haifa?" Na ce haka ne. Ta ce sharaɗi yana nan yadda yake, takarda tana kan talabijin. Sannan ta cika min jaka da shayi da citta da safar ulu, ta ce in kai mata.

Mun sake awo ɗari uku da casa'in da ɗaya. Sauran suna wani kwazazzabo da ruwa ya cika, Sagal ta ce taswira za ta tsaya ba su. Daren jiya ta zana layukan. Na Yuni da na Agusta sun haɗu baki da baki a gefen rafin nan, lanƙwaso ɗaya ne babba, kyakkyawa, ya rufe kansa. Ku masu dubawa ku za ku yanke, amma na san taswirar da ta ci in na gan ta. Gobe za ta shigo jirgi da ita.

Za ki ga kusurwar taswirar ta ƙasa. Ta rubuta mai awo Sagal Hersi, mai kula Dakta Idil Samatar, mai rubutu Diriye Gedi. Sunana a jikin taswirar duwatsu, bayan shekara goma sha shida. Naki yana sama, kuma na auna da rula, ya fi nawa girma da milimita biyu. Na dai lura.

Katin da ban aiko miki ba kina ɗaliba, ba don na ga kin haye ba ne, ƙarya na yi. Duk lokacin da aka ambaci karatunki a taron dangi, sai in tashi in ce zan duba mota. Ki yafe min. Akwai yara biyu a ajin Asabar, Hanad da Ubah, suna tara tsakuwa a aljihu. In kin zo Oslo ki zo ki gan su da wuri, kada in riƙe su shekara goma.

Rubutu kawai na yi, kamar yadda aka ce. Sau biyu na ga abin da da ni ne ba haka zan auna ba, na ciji leɓe, kuma duka biyun Sagal ce da gaskiya. Ta ƙwace min agogo da makullai tun ranar farko, amma akwai ƙarfen bel da na tabarau. Duk sanda za ta ɗora kamfas sai ta ce, "Kawu, matsa baya." In matsa taku uku ina ƙunƙuni.

Jiya a awon ƙarshe ta buɗe baki za ta faɗa, ta waiwayo, ta ga na riga na yi nisa. Sai da ta ɗaga murya kafin na ji lambar, na rubuta.

Kawunki,
Diriye